Mun Kori Makaɗinmu, Mun Ɗauko Na Haya

Bayan an gama yankan shinkafa na halarci wani biki a Kalgo. Da la'asar sakaliya aka kafa rumfuna, aka jera kujerun roba, aka tayar da janareta, wani yaro da ake ce wa DJ ya jona na'urarsa da lasifika huɗu masu tsawon mutum. Can gefe, gindin katanga, ga wani dattijo zaune da kalangu rataye a kafaɗa, da yaransa biyu 'yan amshi. Kabu-kabu suka hawo tun daga ƙauyensu, domin mahaifin dattijon ne ya riƙa yi wa kakan ango kiɗa lokacin da yake tashen dambe. Sau uku yana miƙewa yana matse kalangun a hammata, sau uku ana ɗaga masa hannu wai ya dakata. Daga baya wani abokin ango ya zo ya dunƙula masa 'yar takarda a tafi, ya ce, "Baba, a yi haƙuri, yau ba irin naku ba ne." Dattijon ya dubi kuɗin, ya dubi yaron, ya ce, "Ɗana, ba kuɗɗi ni ka biɗa ba. Taken gidanku niz zo in tuna muku."

Kusan ba wanda ya ji shi, lasifika ta riga ta cinye unguwar. Ni da na ji shi ma ban ce uffan ba. Na gyara hulata na ci gaba da cin shinkafata, kamar sauran 'yan boko da muke zaune a layin gaba. Saboda haka in na ce "ku" a wannan rubutu, har da ni a ciki.

Na san abin da ya sa aka hana shi kiɗa, kuma ba ƙarancin lokaci ba ne. Ango ma'aikaci ne, abokansa sun zo daga Abuja da Kaduna. In aka bar dattijon nan ya saki taken gidan, kowa zai ji cewa kakan ango mahauci ne, ɗan dambe, wanda ya ɗaure hannu ya shiga fage. Abin da ake ɓoyewa ke nan. Kunyar asali ce ta sa muka kori makaɗinmu, muka biya kuɗi masu kauri aka kawo mana waƙar da ba ta san kowa ba a wurin, ba ta san ango ba, ba ta san ubansa ba, ba ta ma san akwai wani gari mai suna Kalgo ba.

Ban zo in zagi mawaƙan zamani na Kano da Kaduna ba. Sana'arsu suke yi, wasunsu kuma gwanaye ne, Allah ya ba su murya da iya jera kalmomi. Sun gano kasuwa sun shige ta. Kasuwar kuwa tana son waƙar da za ta sayu daga Maiduguri har Yamai, daga Agadas har Kumasi, don haka dole a goge mata duk wata alama ta gari guda. Soyayya ce, kewa ce, "ke kaɗai ce" ce, a kan kiɗan fiyano da kwamfuta ta riga ta auna, da murya da na'ura ta miƙar har ba ka iya bambanta wane da wane. Tuwon gidan abinci ne, kowa ya ci ba zai yi ƙorafi ba, amma ba wanda zai ce hannun uwarsa ya ji a ciki. Su ba su yi laifi ba da suka dafa. Mu ne muka zubar da tukunyar gidanmu don a ce mun waye.

Bari in faɗa muku abin da muka zubar, tunda da yawanmu mun manta.

Wannan yanki na yamma, daga Zamfara zuwa Sakkwato zuwa Kabi, shi ne rumbun kiɗan baka na ƙasar Hausa, duk mai gardama ya je ya lissafa. Ibrahim Narambaɗa na Tubali da kotsonsa a fadar Sarkin Gobir na Isa. Salihu Jankiɗi da taushinsa a fadar Sarkin Musulmi. Musa Ɗanƙwairo na Maradun, wanda ya rasu a 1991, da Sa'idu Faru. Aliyu Ɗandawo da ɗansa Sani, waɗanda Argungu da Yawuri ba za su manta da su ba. Ɗan Anace da Shagonsa. Kassu Zurmi da 'yan taurinsa. Gambu na Fagada, nan ƙasar Maiyama, wanda ya ɗauki ɓarayi ya yi musu waƙa har masana suka rasa inda za su ajiye shi. Sai kuma wanda ya ɗauki sunan garinmu ya liƙa a nasa, Illon Kalgo, makaɗin 'yan dambe. Akwai mutanen da ba su taɓa taka jihar Kebbi ba, amma sun san kalmar Kalgo ta dalilinsa. Yau ka tsayar da samari goma a mararrabar Kalgo, inda hanyar Jega ta rabu da ta Bunza, ka tambaye su wane ne Illo. Ka tambaye su kuma wace waƙa ce ke tashe a TikTok makon nan. Za ka ji wadda za a amsa maka da sauri.

Me ya sa waƙar waɗannan mutane take kama zuciya har yau, alhali an ɗauke ta a kan faifai mai ƙara da kaset mai shaƙewa? Domin tana da adireshi. Makaɗin noma ba ya cewa "manomi" kurum. Sai ya kira sunansa, da na ubansa, da na matarsa mai kai masa fura gona, da sunan fadamar da yake nomawa, da damin da ya ɗaure bara, da raggon maƙwabcinsa da rana ta kora gida tun hantsi. Makaɗin dambe yana riƙe da tarihin kowane kisa: wa ya kayar da wa, a wane gari, da wane hannu, wa ya gudu kafin a buga. Ba littafi a hannunsa, amma shi ne littafin. Kuma yana yin waƙar ne gaban mutanen da suka san gaskiyar maganar. In ya ƙara gishiri fiye da kima, a fage za a yi masa dariya. Wannan tsoron na masu saurare shi ke gyara makaɗi. Wanda ke rufe cikin ɗakin ɗaukar murya, shi da mai kwamfuta, ba shi da wanda zai ce masa ƙarya kake yi.

Sannan kiɗan yana da aikin yi. Gangar noma a wurin gayya ba ado ba ce, ita ke riƙe da ƙugun samari su kai ƙarshen kunya ba su miƙe ba. Kalangu a fagen dambe magana yake yi, ɗan dambe yana jin takensa tsigar jikinsa ta tashi tun kafin mawaƙi ya buɗe baki. Masunta suna da nasu, maƙera da nasu, maharba da nasu, mata a cikin gida suna da kiɗan ƙwarya da shantu da waƙoƙin daka da na niƙa. Kowace sana'a da muryarta. Amshi kuwa, wanda yaran yanzu suke ganin maimaici ne mai gundura, shi ne ƙofar da jama'a ke shiga waƙar. Jagora ya jefa ɗa, 'yan amshi su karɓe, sanƙira ya tsoma baki ya fayyace wa ake nufi, 'yan kallo su ɗauka. Waƙar ba ta gama haɗuwa sai a wurin, kuma gobe in an sake ta ba za ta zo daidai da ta yau ba.

Ga kuma harshe, wanda shi ya fi ci mini rai. Waƙoƙin nan da Hausarmu aka yi su, ta "munka" da "sunka" da "anka", ta "shina" da "yat tahi" da "lahiya", ta "awa" a maimakon "kamar". Narambaɗa bai sauya bakinsa don Bakano ya gane shi ba. Bakano ne ya zauna ya koyi jin Narambaɗa, har jami'o'in Kano da Zariya suna nazarinsa. Yau yaro ɗan Gwandu ko ɗan Dalijan, wanda da "munka" uwarsa ta yaye shi, in ya tara kuɗi ya shiga ɗakin ɗaukar waƙa, abu na farko da yake yi shi ne ya wanke bakinsa. Sai ka ji shi yana lanƙwasa harshe irin na Zoo Road ta Kano, har da ƙoƙarin ɗan shaƙe murya. Ba zai fi Bakano Kananci ba, ya kuma saki abin da ya fi kowa iyawa. Kayan aro ba ya rufe katara. Amma wa zai ga laifinsa? Tun yana firamare muke masa dariya in ya ce "hura", muna ce masa baƙauye.

Yanzu ku, ma'aikatan gidajen rediyo. Ina jin ku kullum a mota tsakanin Birnin Kabi da Gwandu. Waƙoƙi goma zuwa goma sha biyu ne kuke juyawa daga safe har dare, su ne dai a wannan tasha, su ne a waccan, su ne a wayar yaron mota. To me ya kai ni kunna rediyo? Kun mayar da kiɗan gargajiya abin cike gurbi, in baƙo bai zo ba ko an ɗauke wuta, ko wani ɗan shiri na rabin awa sau ɗaya a mako, lokacin da kowa ya yi barci. Shi ma ɗin matattu kuke sakawa, Allah ya jiƙansu, kamar kiɗan ya mutu tare da su. Yaushe rabon da ɗayanku ya ɗauki na'ura ya hau babur ya tafi Diggi ko Kambaza ya ɗauko muryar makaɗin da ke raye? Da can sai an ɗauki akwati mai nauyi da zare da batura kafin a naɗi murya, amma aka yi. Rediyon Kaduna, da aka buɗe a 1962, da irin wannan wahala ta tara muryoyin makaɗa ta watsa su ƙasa duka, shi ya sa ɗan Adamawa ya san Ɗanƙwairo, ɗan Yawuri ya san Shata. Yau wayar da ke aljihunku ta fi duk na'urorin wancan zamani, amma kun zauna cikin sanyin ofis kuna jiran a turo muku ta WhatsApp.

Na san amsarku: masu saurare ne ke so, masu talla ne ke biya. Rabin gaskiya ce. Mutum ba ya neman abin da bai taɓa ji ba. Kun shekara ashirin kuna ɗura wa kunne abu ɗaya, sannan ku dawo ku ce kunne ne ya zaɓa. Kuma in da gaske ne ba mai so, ku je kasuwar Jega ko ta Gwandu ranar cinta, ku tsaya wurin masu tura waƙa a waya. Ku ga dattawa da direbobi da manoma suna miƙa katin waya suna cewa a zuba musu Ɗan Anace, a zuba musu Gambu, a zuba musu Sani Sabulu. Ku shiga fadama da rani ku ji abin da ke fita daga 'yar rediyon da mai ban-ruwa ya rataye a reshe. Masu sauraren suna nan. Ba su da kuɗin sayen fili a tasharku ne kawai, shi ya sa ba ku ƙidaya su cikin mutane.

Ku kuma 'yan siyasa, ku ne kuka ƙarasa lalata lamarin. Da can mai mulki yana riƙe da makaɗinsa shekara da shekaru, ya ba shi doki da riga da hatsi, shi kuma makaɗin ya san gidan ciki da waje, har yana iya soka wa ubangidansa magana a cikin yabo, ya tuna masa abin da kakansa ya yi na kirki don ya ji kunya. Ban ce tsarin ba shi da aibi ba. Akwai roƙo a ciki, akwai zambo mai zafi da ya raba zumunci, akwai fadanci. Amma akwai sani. Yanzu kuwa, zaɓe na ƙaratowa sai a tura kuɗi wani birni, a tura sunan ɗan takara da na jam'iyya a rubuce, kwana biyu a turo waƙa. Kiɗan da aka yi wa na Jigawa shi za a yi wa na Kebbi, suna kawai aka cire aka sa wani. Ana gama zaɓe ta mutu, ko mai ita ba ya sake saurarenta. Makaɗin mazaɓarku kuma, wanda ya san sunan kowane mai unguwa, yana bakin ƙofa 'yan banga suna ture shi.

Akwai wata hujja da ake fakewa da ita a nan ƙasar Gwandu musamman, kuma dole a taɓa ta da ladabi. Garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ne, a nan hubbarensa yake, garin malamai da littattafai. Maganar halaccin kiɗa tsohuwa ce, shugabannin jihadi da kansu sun yi rubutu a kanta, sun tsananta a wani wuri, sun sassauta a wani. Wanda ya ce shi ya bar kiɗa gaba ɗaya don tsoron Allah, ba ya saurare, ba ya kawowa gidansa, na girmama shi, ba da shi nake ba. Da wanda nake shi ne Alhajin da zai kori mai ganga daga ƙofar gidansa yana ta'awizi, wai bidi'a ce da maguzanci, sannan da dare ya kama zauren taro a Birnin Kabi a yi wa 'yarsa dina, maza da mata a cakuɗe, ana liƙi har ƙarfe ɗaya. Ashe ganga ce haramun, fiyano kuwa ya yi alwala? Laifi tudu ne. Alhaji, ba addini ne ya hana ka ba. Mai gangar talaka ne, tufafinsa sun koɗe, ba zai yi kyau a bidiyo ba.

Mu 'yan boko namu salon ya fi wayo. Muna son kiɗan gargajiya a takarda. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya kwashe shekaru yana bin makaɗa yana rubuta tarihinsu da waƙoƙinsu. Farfesa Aliyu Muhammadu Bunza, ɗan maƙwabtanmu, ya fitar da littafi sukutum a kan Narambaɗa a 2009. Tun 1971 wasu Turawa biyu, David Ames da Anthony King, suka wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa. Sun yi nasu, Allah ya saka. Amma mu da muka karanta su me muka yi? Ɗalibi ya je ƙauye ya zaunar da tsoho yini guda, ya kwashe waƙoƙinsa ya rubuta kundi, ya sami digiri, ya sami aiki. Tsohon ko kwafin muryarsa ba a mayar masa ba. Ga jami'ar tarayya a ƙofar Kalgo, a kan hanyar Bunza. Tafiyar minti kaɗan ce tsakanin azuzuwanta da gidajen makaɗan da suka rage. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin kamun kifi na Argungu cikin jerin al'adun duniya, muka yi ta murna. To a can ma ai makaɗa muke kwasowa a mota su yi wa manyan baƙi wasa na 'yan mintoci, a ɗauki hoto, a sallame su sai wani bikin. Mun mayar da su kayan nuni, kamar tsohuwar tukunya a gidan tarihi.

Ba mu kaɗai wannan ciwo ya kama ba, bambancin shi ne wasu sun yi gardama. A Amurka akwai kiɗan mutanen karkara, irin na su Don Williams da Jim Reeves da iyayenmu suka sha ji a rediyo. Birnin Nashville ne kasuwarsa, can ake tace shi a goge shi don ya dace da tashoshi. Da abin ya ishi wasu, irin su Willie Nelson, sai suka tattara suka koma Texas a farkon shekarun 1970, suka ci gaba da yi da bakin garinsu a ƙananan wuraren taro. Har yau a Texas da Oklahoma akwai mawaƙan da manyan tashoshi ba su cika sakawa ba, amma suna cika fili, domin mutanensu suna sayen tikiti suna zuwa. Kusa da mu ma, Ali Farka Toure na Mali ya ci lambar Grammy, duniya ta neme shi, amma bai bar garinsu Niafunke da gonarsa ba, da harsunan yankinsa ya yi waƙa har ya rasu a 2006. Su waɗannan ba gwamnati ce ta rene su ba. Mutanen garinsu ne ba su ji kunyarsu ba.

Kada wani ya ce mini zamani ne, in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Na yarda. Makaɗan da nake yabo su ma ba a tsaye suka tsaya ba, sun yi wa jirgin ƙasa waƙa, sun yi wa mota, sun yi wa siyasar jam'iyyu, sun shiga rediyo da talabijin. Ba na cewa yaro ya jefar da fiyano. Cewa nake ya sa kotso a ciki, ya sa kalangu na gaske mai fata da tsarkiya, ba wanda kwamfuta ta kwaikwaya ba. Ya yi waƙa da bakin uwarsa. Ya kira Gulbin Kabi da sunansa, ya yi maganar ambaliyar da ta cinye shinkafar ubansa, da tsadar taki, da 'yan'uwansa da suka tafi cirani ba su dawo ba. Abin waƙa ya cika ƙasar nan har ya yi yawa, amma duk mun taru a kan "idonki kamar madara".

Abin da ke ba ni tsoro shi ne kiɗan baka gado ne, daga hannu zuwa hannu yake tafiya. Ba a koyon take a littafi. Yaro yana bin ubansa yana riƙe ƙaramar ganga, shekara goma yana amshi kafin a bar shi ya jefa ɗa ɗaya. In aka sami tsara guda da ba ta karɓa ba, shi ke nan, igiyar ta tsinke, ko an zo da miliyoyi daga baya ba mai ɗaurawa. Kuma wane ɗa ne zai karɓi sana'ar da ya ga an ture ubansa a kanta gaban jama'a?

Da aka yi sallar magariba a bikin nan na fito neman takalmina, sai na hangi dattijon a bakin titi yana jiran abin hawa. Ya kwance kalangun ya sa a buhun taki ya ɗaure bakin. Ɗaya daga cikin yaran nasa, wanda na ji an ce jikansa ne, ba ya tare da shi. Yana can cikin rumfa, tsaye bayan DJ, yana leƙen yadda ake danna na'ura.